Kimiyyar Ɗaure Noti: Darasi Daga Ƙafar Motar Gudu

Gabatarwa

A tsakiyar ƙafar mota akwai wani babban noti guda ɗaya da ke ɗaure a bakin aksil, wato sandar ƙarfen da ke ɗauke da ƙafar. Shi ne yake matse boris, ya riƙe cibiyar da ake ɗaura taya a jikinta. In ya yi sako-sako, boris zai lalace, har ƙafa tana iya ficewa ana cikin gudu. In kuma an ɗaure shi fiye da kima, zaren aksil zai ci. Wannan darasi zai duba yadda ake ɗaure shi a gida, da kuma kimiyyar da ke cikin aikin. Za a yi misali da Mazda MX-5, ƙaramar motar gudu mai kujera biyu da aka fara fitarwa daga Japan a 1989, wadda masu ita da yawa a Amurka da Ingila kan gyara da hannunsu.

Ma'anar Ƙarfin Murɗawa

Duk wanda ya taɓa tura ƙyaure ya san ya fi sauƙin buɗuwa idan an tura shi daga bakinsa, nesa da inda aka kafe shi. Dalili shi ne juya abu ya dogara da abu biyu: yawan ƙarfin da aka sa, da nisan wurin da aka sa ƙarfin daga cibiyar juyawa. Masanin nan na Girka, Arkimidis, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana wannan ƙa'ida. Ga yadda ake lissafinta:

Ƙarfin murɗawa = ƙarfi × nisa

Ana auna ƙarfi da Niyuton, nisa kuma da mita, saboda haka ma'aunin ƙarfin murɗawa shi ne Niyuton-mita, a taƙaice Nm. Nauyin kilogiram 1 yana danna ƙasa da ƙarfin kimanin Niyuton 9.8. Wannan ƙa'ida ce makanikai ke amfani da ita a gareji idan suka zura bututu a hannun sifana don kwance notin da ya ƙi.

Notocin taya na MX-5 kan buƙaci kimanin Nm 100. Notin aksil na baya kuwa yana buƙatar fiye da Nm 200. Wasu motocin Porsche 911 da noti ɗaya tak ke riƙe da kowace taya suna buƙatar Nm 600. Ke nan kowace mota da adadinta, kuma littafin kamfanin da ya ƙera ta shi ne alƙali. Littattafan Amurka kan yi amfani da ma'aunin ƙafa-fam, wanda ɗayansa ya kai kimanin Nm 1.36. Wanda ya rikita ma'aunan biyu zai yi kuskure babba.

Me Ke Faruwa a Cikin Ƙarfe?

Ido ba ya gani, amma yayin da ake ɗaure noti, bakin aksil yana miƙewa kaɗan tamkar sifirin. Da yake ƙarfen yana neman komawa tsawonsa na asali, sai ya riƙa jawo notin, ya matse duk abin da ke tsakani. Wannan matsi shi ne ainihin abin da ake nema. Robert Hooke na Ingila ya wallafa a 1678 cewa miƙewar abu tana tafiya daidai da ƙarfin da ke jan sa. Sai dai dokar tana da iyaka. Idan aka wuce ta, ƙarfen ba zai sake komawa yadda yake ba, kuma daga nan ya kama hanyar karyewa.

Wani abin lura shi ne, kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da hannu ya sa yana ƙarewa ne wajen gogayya, a tsakanin zaren noti da na aksil, da kuma a ƙarƙashin fuskar notin. Kimanin kashi 10 kawai ke miƙar da ƙarfen. Saboda haka idan aka shafa giris a zaren da littafi ya ce a bar shi a bushe, gogayya za ta ragu, ƙarfen ya miƙe fiye da kima, alhali ma'auni yana nuna adadin da ya dace. Tsatsa kuma akasin haka take yi: sifana za ta nuna an kai, notin kuwa bai matse ba.

Matakan Aikin

Da farko a ajiye motar a wuri mai daidaito, a tokare sauran tayoyi. Idan an ɗaga ta da jak, a ɗora ta a kan matokarai na ƙarfe, domin jak kaɗai ba abin amincewa ba ne.

Na biyu, a goge zaren aksil, a ɗauko sabon noti. Notin MX-5 yana da wuya siriri da ake lotsawa cikin wani tsagi a bakin aksil don kada ya warware. Wanda aka taɓa lotsawa aka buɗe ya riga ya raunana. A wasu motoci fil ake zurawa ta cikin notin, shi ma sabo ake sawa.

Na uku, a fara ɗaurawa da hannu don a tabbata zaren ya hau daidai. Kada a tura motar a kan ƙafafunta alhali notin yana sako-sako, domin nauyinta zai iya ɓata sabon boris.

Na huɗu, wani ya taka birki don kada cibiyar ta juya, a ɗaure da sifanar awo, wato wadda ake saita ta a kan adadin da ake so. A ja a hankali ba tare da fizga ba. Da zarar ta yi ƙara "ƙas", a tsaya. Ba a zura mata bututu, ba a kuma kwance noti da ita.

Na biyar, a lotsa wuyan notin cikin tsagin da kurfi da guduma.

Misalin Lissafi

Yawancin sifanonin awo na gida ba su kai adadin da notin aksil ke buƙata ba. Wasu kan yi amfani da nauyin jikinsu a madadi. A ɗauka ana neman Nm 240, mai aikin kuma yana da nauyin kilogiram 60.

Ƙarfi = 60 × 9.8 = Niyuton 588
Nisa = 240 ÷ 588 = kimanin mita 0.41

Ke nan zai auna santimita 41 daga tsakiyar notin, ya yi alama a jikin doguwar sifana, ya ɗora dukkan nauyinsa a wurin. Lissafin yana da sharuɗɗa. Dole sifanar ta kasance a kwance daidai da ƙasa, domin idan ta karkata, nisan da ke aiki ya ragu. Kuma ba a tsalle a kanta, domin tsalle yana ƙara ƙarfin fiye da nauyin jiki. Duk da haka wannan dabara kintace ce. Aron sifanar awo babba, ko kai motar ga makaniken da ke da ita, ya fi aminci.

Kammalawa

Hausawa na cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mai ganin cewa ɗaure noti shi ne a ja har ƙarfi ya ƙare, yana iya jefa ransa da na fasinjansa cikin haɗari. Abin da ake bukata shi ne adadi daga littafi, zare mai tsabta, sabon noti da ma'auni mai kyau.

Jinga

1. Mutum mai kilogiram 75 yana neman Nm 220. A wane nisa zai tsaya a kan sifana?
2. Ƙafa-fam 150 daidai yake da Nm nawa?
3. Bayyana dalilin da ya sa giris zai iya jawo karyewar aksil.