ABUBUWAN DA KE SA INTANET SAURI KO NAWA

Tun daga shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, harkokin jama'a da yawa sun koma kan intanet. Ɗalibi yana rajistar jarrabawa ta nan, ɗan kasuwa yana karɓar kuɗinsa ta nan, ma'aikaci kuma yana aika takardunsa. Idan intanet ta yi nawa, lokaci ne da kuɗi suke salwanta. Saboda haka ya wajaba kowane ɗan ƙasa ya san dalilan wannan nawa, domin kada ya sayi sabuwar waya alhali laifin ba na wayar ba ne.

Ƙa'idar da za a riƙe ita ce: bayanai suna bin doguwar hanya kafin su iso hannun mutum, kuma wurin da ya fi ƙunci a hanyar shi ne ke yanke saurin tafiyar duka. Misalinsa kamar ruwan famfo ne. Kome girman tanki, in bututun ƙofar gida siriri ne, ruwa kaɗan zai zubo.

Yadda Ake Auna Sauri

Kamfanonin sadarwa suna auna sauri da megabit a kowace daƙiƙa, amma girman hoto ko littafi ana auna shi da megabayit. Megabit 8 ne suke yin megabayit 1. Ke nan layin da ke ba da megabit 10 a daƙiƙa zai sauke littafi mai megabayit 100 cikin daƙiƙa 80. In saurin ya faɗi zuwa megabit 2, aikin zai ci minti 6 da daƙiƙa 40. Rashin sanin wannan bambanci yakan sa mutum ya zaci an cuce shi.

Na Farko: Irin Layin

An ba da lasisin 3G a ƙasar nan a 2007, manyan kamfanoni suka fara 4G a 2016, aka kuma buɗe 5G a 2022. Kowane sabon tsari ya fi na baya ɗaukar bayanai. Amma tilas ne abu uku su dace: wayar, da katin layin, da ƙarfen sabis na yankin. Mai wayar 4G da ke zaune inda 3G kaɗai ta kai, saurin 3G zai samu.

Na Biyu: Nisa Da Shinge

Saƙon rediyo ne ke haɗa waya da ƙarfen sabis, kuma yana raunana da nisa. Bangon kankare, rufin kwano da duwatsu duk suna rage ƙarfinsa. Haka abin yake ga na'urar rarraba intanet ta gida ko ofis: wadda aka ɓoye a bayan kabad ba za ta yi aiki kamar wadda aka ɗora a sarari ba.

Na Uku: Cunkoso

Ƙarfen sabis guda yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma dukan masu amfani da shi raba wannan suke yi. Wannan ne ya sa intanet takan yi nawa da daddare, ko a kasuwa da tashar mota da harabar jami'a, ko da wayar tana nuna cikakken sabis. Cikar sabis alama ce ta ƙarfin saƙo kawai, ba ta nuna yawan mutanen da ke kan layin.

Na Huɗu: Manyan Wayoyi Da Mazaunin Bayanai

Daga ƙarfen sabis, bayanai suna bin wayoyin zaren gilashi da aka binne a ƙasa, waɗanda suka haɗu da na ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, da Equiano da ta sauka a Legas a 2022. Ran 14 ga Maris, 2024, wasu wayoyin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, sai intanet ta yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta, har harkokin banki suka taɓu. A cikin gida kuwa, masu aikin hanya da ɓarayi sukan yanke waɗannan wayoyi. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare. Ban da haka, kwamfutar da ke ajiye da bayanan ita ma tana iya gajiya, kamar yadda akan gani a ranar ƙarshe ta rajista, sa'ad da dubban mutane suka auka wa shafi guda.

Na Biyar: Na'urar Kanta

Tsohuwar waya, ko wadda ma'ajiyarta ta cika, takan yi jinkiri. Manhajoji kuma sukan riƙa sabunta kansu a ɓoye suna cin rabon layin. Wasu tsare-tsaren data suna rage sauri da zarar mutum ya wuce wani adadi, don haka a karanta sharuɗɗa kafin a saya.

Abin Da Ya Kamata A Yi

A fara bincike daga kusa. A rufe manhajojin da ba a bukata, a matsa kusa da taga, a gwada wani shafin dabam. In shafi guda ne kaɗai ke nawa, laifin nasa ne. In duka ne, a sake gwadawa da asuba. Idan sauri ya dawo, cunkoso ne. Manyan abubuwa a bar saukar da su sai lokacin da layi ya yi sauƙi, kuma kada a jira ranar ƙarshe kafin a yi rajista.

Idan matsalar ta ci gaba, a kai kuka ga kamfanin layin. In bai share hawaye ba, a kira Hukumar Sadarwa ta Nijeriya a lamba 622, kyauta ne. Wanda kuma ya ga ana haƙa ko lalata wayoyin sadarwa, ya sanar da hukuma nan da nan, gama waya guda da aka yanke tana iya katse gari sukutum.