Takardar tarar gudu ta zo, ba a san wanda ya ja motar ba

A Matsinkai sau da yawa mota ɗaya hannu uku ke janta: mai ita, ƙaninsa, da yaron da ke kai fasinja Bagudo ko Tsamiya ta bakin iyakar Benin. Sai a tsinci takardar tarar gudun wuce kima a aljihun gaban mota, kowa ya ce ba shi ba ne.

Kafin a ɗaga murya, a karanta takardar. Jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kan rubuta sunan direba, rana, lokaci da wurin da aka tsayar da shi. Idan rubutun ya dushe, a tuna ranar kasuwar wane gari ce, wa ya sha mai, wa ya kawo balas.

Don Allah kada a ɗora wa yaron mota laifin don kawai shi ne ƙarami, zalunci ne. Mai mota ya je ofishin hukumar da takardar a duba masa. A biya a banki ta Remita, kada a damƙa wa kowa kuɗi a hannu, a adana rasit. Daga yau a ajiye ɗan littafi, duk wanda ya karɓi makulli ya sa sunansa.