Gwajin da ke Gane Ƙwayar Cuta Mai Ƙin Jin Magani

A Tozai da sauran garuruwan ƙasar Illela, idan maruru ya fito wa mutum, ko gyambo ya ƙi warkewa, sau da yawa yakan sayi kafso wurin 'yan talla, ya sha biyu ko uku ya bari. Ya kamata hakimai da magatakardansu su san haɗarin da ke cikin wannan.

Akasarin marurai wata ƙwayar cuta ce ke kawo su, wadda likitoci ke kira Staphylococcus aureus. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Wajen mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hancinsa, ba ta dame shi da kome ba. Amma in ta sami ƙofa, kamar rauni, ko tsagar wanzami, ko cibiyar jariri, tana iya shiga jini ta yi kisa.

Da fari fenisilin yana kashe ta, sa'an nan ta saba da shi. A 1959 aka fito da wani magani, metisilin. Ba a yi shekara uku ba, a 1961, aka sami irin da ba ya jin wannan ma a Ingila, aka sa masa suna MRSA. Wani babban bincike ya nuna irin nan ya kashe mutum fiye da 100,000 a duniya cikin 2019. Shan magani barkatai shi ke kashe raunanan ƙwayoyi ya bar masu taurin kai su yaɗu.

Hanyar gwaji ta dā ita ce a ɗebi mugunya, a rene ta cikin faranti, a ga maganin da zai ci ta. Wannan yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, alhali kuwa wanda cutar ta shiga jininsa ba shi da wannan sarari.

Sabuwar hanya, watau PCR, wani Ba'amurke ne, Kary Mullis, ya ƙago ta a 1983. Kowace ƙwaya tana da rubutun halittarta a cikinta. Mai ƙin jin magani tana da wani ƙarin layi da ake kira mecA, wanda ke ba ta ikon gina bangon jikinta ko da an sa mata fenisilin da yawancin danginsa. Ma'aikaci zai shafo hanci ko miki da auduga, ya sa a na'ura. Na'urar sai ta nemi layin nan ta yi ta kwafe shi, kamar yadda magatakarda ke kwafar takarda, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, har ya yi yawan da za a gan shi. Cikin 'yan sa'o'i likita ya san ko zai sake magani.

Sai dai gwajin yana da tsada, yana kuma bukatar lantarki da gwanayen ma'aikata, saboda haka ba kowane asibiti ke yinsa ba. Har wa yau bai kori hanyar dā ba, gama ita ce ke jera dukan magungunan da za su yi aiki. Shi ya sa ƙaramin asibiti ke tura mara lafiya gaba, zuwa manyan wurare irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Ana roƙon hakimai su sanar da dagatai da masu unguwanni abu huɗu:

1. Mikin da ya ƙi jin magani, ko ya zo da zazzaɓi, a kai mai shi asibiti ran nan.
2. Kada a sayi kafso ko allura a kasuwa, ko a Illela ko a Birnin Ƙonni, ba da izinin likita ba.
3. A sha magani yadda likita ya faɗa, kada a raba shi da wani.
4. Wanzamai da ungozomomi su wanke hannu da sabulu, su tafasa kayan aikinsu.

Ƙwayar cuta ba ta san iyakar ƙasa ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.