ZUMUNCIN TSOFAFFIN 'YAN MAKARANTA

Kowace shekara, in lokacin sallamar 'yan ajin ƙarshe ya yi, mukan ga an ɗaure akwatuna, an yi musafaha a bakin ƙofa, kowa yana ce wa ɗan'uwansa, sai ka ga takardata. Wata na fari takardu su yi ta zuwa. Wata na uku su ragu. Kafin shekara ta kewayo sai ka tambayi mutum ina wane, wanda suka yi shekaru suna cin tuwo a akushi ɗaya, ya ce maka rabonsa da labarinsa tun ran da suka rabu a tasha. Wannan abu mun gan shi ga waɗanda suka riga mu, muna kuwa tsoron kada a gan shi gare mu. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi nazarinsa a nan, mu ɗauki misali daga ƙasar Gwandu da ta Argungu, inda da yawa daga cikinmu suka fito.

Ku sani, 'yan'uwa, labarin da tsofaffin 'yan makaranta ke aika wa juna ya wuce gaisuwa. Tarihin ƙasa ne ake ajiyewa kaɗan kaɗan, in kuwa ba su ajiye shi ba, babu mai ajiye musu.

Garuruwa biyu, kogi ɗaya

Birnin Kebbi da Argungu suna bakin fadamar kogin Rima, tsakaninsu kamar mil 30. Ruwa ɗaya suke sha, shinkafa ɗaya suke nomawa, amma sun daɗe ba su ga maciji da juna. Cikin 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi. Kabawa, jikokin Kanta, suka koma suka kafa sarautarsu a Argungu, suka yi ta yaƙi da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Sai cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓe shi, aka yi masa bikin su a kogi. Daga nan ake ƙirga mafarin bikin kamun kifin da ya sa duniya ta san sunan Argungu.

Wannan sulhu na sarakuna kowa ya san shi, gama an rubuta shi. Akwai wani sulhu kuma da aka yi ba da tambari ba, wanda ba a cika faɗinsa ba. A zamanin En'e, Gwandu da Argungu duk suna cikin Lardin Sakkwato. Yaron da ya yi ƙoƙari a elementare, ko daga wane gari yake, Midil ta Sakkwato za a kai shi. Can ɗan Bakabe da ɗan Bafillace, waɗanda kakanninsu suka harbi juna da kibiya, suka zauna a benci ɗaya, suka sha bulala ɗaya, suka raba ɗan guzurin da aka aiko musu daga gida. Da suka girma suka kama aiki, in ɗaya yana bukatar wani abu a garin ɗaya, ba ya neman ɗan jagora, sai ya rubuta wa abokin karatunsa. Wane littafi ne ya ƙirga irin waɗannan takardu? Ga shi kuwa sun ɗinke abin da takobi ya yaga.

Lamba da rajista

Wanda ya fi ƙwazo a Midil sai a zaɓe shi zuwa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe ran 5 ga Maris, 1922, don koyar da malaman makaranta. Cikin 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, cikin 1949 aka kai ta Zariya, cikin 1971 aka sa mata suna Barewa. Makaranta ta yi ƙaura sau biyu, ta sake suna, amma akwai abu ɗaya da bai yanke ba, watau rajistarta. Kowane yaro ran da ya shiga akan ba shi lamba, lambar nan kuwa tasa ce har abada, ba a ba wani. Ahmadu Bello, wanda ya shiga cikin 1926 ya fita cikin 1931, shi ne na 87. Abubakar Tafawa Ɓalewa, 1928 zuwa 1933, shi ne na 145. Shehu Shagari, wanda ya yi nasa karatu a Kaduna daga 1941 zuwa 1944, shi ne na 394.

Ku dubi hikimar wannan abu. Da jin lambar mutum ka san wanda ya riga wani, ka san su wa ya tarar, su wa suka tarar da shi. Firimiya da malamin ƙauye, in sun haɗu, mai ƙaramar lamba shi ne yaya. Darasi na farko ke nan: zumuncin da aka kafa bisa rubutu ya fi wanda aka bar wa tunanin zuci daɗewa, domin zuciya tana mantuwa, tawada kuwa sai gara ta ci takardar.

Abin da taron tsofaffi ya haifa

Cikin 1939 waɗanda suka fita daga Kwalejin suka kafa jam'iyyar tsofaffin 'yan makaranta a Kaduna, da taimakon shugaban makarantar, Mista Mort. A wannan shekara ce kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, edita na Hausa kuwa Malam Abubakar Imam, shi ma ɗan Kwalejin Katsina. Taron bai daɗe ana yinsa ba ya tsaya, gama masu mulki ba su saki jiki da ganin samari masu ilmin zamani daga lardi dabam dabam suna haɗuwa suna shawara ba. Amma sanin juna da aka yi bai mutu ba. Cikin 1948 Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu a Kaduna, ya tsaya aka kafa jam'iyyar malaman makarantu na Arewa. Cikin 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama ta siyasa. Na 87 ya zama Firimiyan Arewa cikin 1954, na 145 ya zama Firayim Ministan Nijeriya cikin 1957.

Ba mu kawo wannan don mu ce kowane taron tsofaffin 'yan makaranta sai ya haifi gwamnati ba. Abin lura shi ne, mutanen nan sun iya aiki tare, har ma sun iya jayayya da juna ba tare da sun yanke gaisuwa ba, domin tun suna yara kowa ya san halin kowa, kuma bayan sun rabu ba su bar labarin juna ya ɓace musu ba.

Abin da ke shirin ɓacewa

Mu komo gida. Cikin 1951 aka kai Malam Shehu Shagari Argungu ya zama hedimasta. Cikin 1954 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Ikko, cikin 1979 ya zama Shugaban Ƙasa, ya rasu cikin 2018. Zamansa na shugaba an rubuta shi cikin littattafai da jaridu ba iyaka. Amma yadda yake tsayawa gaban allo a Argungu, da yadda yake horon yaro in ya makara, da abin da yake faɗa wa iyayen da suka ƙi ba da 'ya'yansu, wa ya san wannan in ba yaran da suka zauna gabansa ba? To, ku yi lissafi. Yaron da ke da shekara 10 cikin 1951, yau ya haura 80. Kowace damina sai an rage wasu.

Ga wani misali. Akwai wasan nan da ake kira fayis, wanda mutum biyu ke karawa da biyu, suna bugun ƙwallo da tafin hannu a cikin ɗaki mai bango uku. Asalinsa daga makarantun Ingila ne. Masu tarihin wasan sun ce wani Bature malamin makaranta mai suna Hogben ne ya kawo shi Arewa cikin shekarun 1920, ya koyar da shi a Birnin Kebbi da Katsina, a jikin bangon ƙasa. Sardauna ya ƙware a kansa tun yana Katsina, bai kuwa bar shi ba har ya zama Firimiya. Yara nawa ne a Birnin Kebbi yau suka san garinsu yana da hannu cikin wannan? Bangon ƙasa ruwa yakan cinye shi, abin da ya rage sai bakin waɗanda suka yi wasan.

Na uku ya fi ba mu tausayi. Cikin 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina, daga baya Sakkwato da Birnin Kebbi da Argungu suka bi, cikin 1939 kuma aka buɗe makarantar horon malamai mata a Sakkwato. 'Yan matan nan su ne kakannin wasunmu. Sun koyi karatu da rubutu a lokacin da ake yi wa iyayensu gori saboda haka. Aure ya raba su, kowace ta shiga gidanta, ba taro, ba jarida. In akwai wadda ta rage cikin danginku, ko 'yarta da ta ji daga bakinta, ku sani kuna da dukiya a gida.

Yadda ya kamata a rubuta labari

Tun da Jihar Kebbi ta samu cikin 1991 makarantu sun yawaita, ga Nagari a Birnin Kebbi, ga Kanta a Argungu, ga Kwalejin Adamu Augie ta horon malamai, kowace da tsofaffinta. Waya kuma tana aljihun kowa. Amma saƙon waya kamar rubutu ne bisa rairayin bakin kogi, in wayar ta lalace ya tafi. Saboda haka ga sharuɗɗa biyar da muke roƙon duk mai aiko wa jaridar makaranta labari ya kiyaye.

Na ɗaya, ya faɗi shekarar da ya shiga da wadda ya fita, da gidan da ya kwana, da malaman da suka koya masa. Labarin da ba shi da shekara kamar kwarya ce ba mazauni, ko'ina aka ajiye ta sai ta kife.

Na biyu, ya raba abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa. Tsufa yakan ƙara wa labari gishiri. Kifin da aka kama a Matan Fada, in an yi shekara ashirin ana ba da labarinsa, sai ya fi kwalekwale girma.

Na uku, kada ya tsaya ga manya kaɗai. Wanda ya zama kwamishina ko alƙali, rediyo ta riga mu faɗi. Mu muna so mu ji labarin wanda ya yi shekara talatin yana koyarwa a Kamba ko Augie ko Kalgo, ba wanda ya taɓa tafa masa. Muna so mu ji na wanda ciwo ya kwantar, da wanda fansho ya makale masa. Mun lura sau da yawa mai ƙaramin ƙarfi yakan ƙi zuwa taro don kunyar rigarsa, in kuwa taro ya zama na masu mota kaɗai, ya tashi daga zumunci ya koma fadanci.

Na huɗu, in ɗan'uwa ya rasu a sanar da wuri, a faɗi ranar da wurin, a faɗi abin da ya bari. Sanarwar rasuwa ba don addu'a kaɗai ake yinta ba, ko da yake addu'a ita ce gaba. Ana yi ne kuma don wanda suka yi aji ɗaya ya san akwai marayun da suke da hakki a kansa.

Na biyar, kada a mai da shafin labari wurin ramuwa. Wanda babban ɗalibi ya zalunta shekara arba'in da suka wuce yana iya ba da labarin don a yi dariya, amma ba don a tozarta dattijo gaban jikokinsa ba.

Aikin hutu

Malamai sun koya mana darasin da ba a bi shi da aiki ba, rabinsa ya zube. To, ga aikinmu. In an tafi hutu, kowannenmu ya nemi tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya a garinsu wanda ya yi makaranta kafin 1960. Ya tafi da hantsi, ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata. Kada ya fara da zaro littafi da alƙalami, gama dattijo ba ya son a yi masa kamar mai ƙidayar haraji. Ya ce, Baba, ko Inna, mun zo ne mu ji yadda kuka yi naku karatu. Sa'an nan ya yi shiru ya saurara. Ya tambayi wanda ya kai su makaranta, da yardar iyaye ne ko da umurnin hakimi, da ƙafa aka tafi ko bisa jaki, me ake ci, wa ke zaune a damansu, ina yake yanzu. In akwai tsohon hoto ko takardar shaida a ƙasan adaka, ya roƙi izinin dubawa, ya kwafe sunayen da ke bayansa. In ya koma gida ya rubuta duka a daren nan, ya koma washegari ya karanta wa mai labarin don ya gyara.

Waɗannan takardu za mu tara su wurin malamin tarihi, a ɗinke su littafi guda, a ajiye kofi ɗaya a ɗakin karatu, a aika da ɗaya ga makarantar da aka yi labarinta. Mu kuma da ke shirin fita, kafin mu ɗaure akwati kowa ya rubuta sunansa da garinsu da sunan wanda za a tambaya in an rasa shi, mu zaɓi mutum ɗaya cikin aji wanda zai riƙa tattara labarinmu sau ɗaya a shekara. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Inda ƙafa ta kasa kaiwa, alƙalami ya kai.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, ya ƙara wa waɗanda suka rage lafiya, ya sa mu tarar da su da ransu, amin.