Amsoshin Tambayoyinku: Sake Ɗaure Ƙusoshin Kan Inji

Wani mai sauraronmu daga Madarumfa, wanda ke jigilar fasinja zuwa Maraɗi da tsohuwar Peugeot 504, yana tambaya ko wajibi ne a sake ɗaure ƙusoshin kulas, wato kan inji, bayan an canja gasket.

To Malam, wajibi ne ƙwarai. Dalili kuwa, shi gasket irin na dā, idan zafin inji ya ratsa shi yau da gobe, yakan kwanta ya ƙara siranta, sai ƙusoshin da aka ɗaure tamau su saki kaɗan, daga nan ruwa ya sami kafar shiga cikin mai, har ka zaro sandar awo ka tarar da shi fari kamar nono. Saboda haka in motar ta yi kimanin kilomita 1000, a bar injin ya huce sarai, sa'an nan bakanike ya sassauta kowace ƙusa ɗaya bayan ɗaya ya mayar da ita da sifana mai ma'auni, yana farawa daga tsakiya zuwa gefe, kana ya daidaita bawul.

Amma injunan zamani masu ƙusoshin da ke miƙewa, hukuncinsu dabam ne, ba a sake taɓa su. Allah ya kiyaye hanya, Malam.