Zobban Kama Haske a Jikin Bakteriya Masu Launin Shunayya: Tsari da Aiki

Gabatarwa

Kududdufai da fadamun Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, inda ruwa ke kwanciya bayan damina, irin mazaunin da bakteriya masu launin shunayya ke so ne. Suna rayuwa da hasken rana kamar tsirrai, sai dai ba sa fitar da iskar oksijin. A ruwa marar zurfi sukan zauna ƙarƙashin gansakuka, wadda ke riga su shanye hasken da ido ke gani. Ragowar da ke isa gare su galibi hasken da ya zarce ja ne. Wannan maƙala ta duba yadda siffar furotin ɗinsu ta ba su damar rayuwa da wannan ragowa.

Ƙaramin Zobe

A shekarar 1995 masana a Jami'ar Glasgow suka bayyana tsarin furotin da ake kira LH2, daga bakteriyar *Rhodopseudomonas acidophila*. Zobe ne mai gaɓa tara, yana riƙe da ƙwayoyin launi 27 na bakteriyokulorofil. Tara daga cikinsu suna nesa da juna, suna kama haske mai tsawon zango nanomita 800. Sauran 18 sun matsu har suna aiki tamkar abu guda, kuma wannan matsuwa ce ta kai nasu zangon zuwa 850. Sinadarin iri ɗaya ne. Tazara da mazauni ne suka bambanta aikinsa.

Babban Zobe da Cibiya

Babban zobe, LH1, yana kama haske wajen nanomita 875, kuma ya kewaye cibiyar da ke mayar da haske ƙarfin sinadari. Bayyana tsarin wannan cibiya ne ya sa Deisenhofer, Huber da Michel suka sami kyautar Nobel a 1988. Da yake ƙarfin haske yana raguwa yayin da zango ke ƙaruwa, makamashin yana gangarowa daga 800 zuwa 850, zuwa 875, sannan cibiya, kamar ruwa a mazurari. Idan haske ya yi ƙaranci, bakteriyar kan ƙara yawan ƙananan zobba.

Kammalawa

Zobe, gaɓa, cibiya da mazurari duk kalmomin gida ne, kuma sun ɗauki wannan bayani ba tare da rage ma'ana ba. Mai ƙirƙirar kalmomin kimiyya da Hausa zai fi dacewa idan ya fahimci siffar abu kafin ya laƙaba masa suna.