Idon kwamfuta da tafintansa

A unguwar Saga, a bakin kogin Isa, ana jin zabarmanci da hausa da faransanci. Idan manomin shinkafa da baƙon da ya zo saye ba su jin harshen juna, sai a nemo tafinta. In babu shi, ciniki ba ya ƙulluwa.

Kwamfuta ma tana da tafinta. A saman allonta akwai wani ƙaramin ido, shi ne kamara. Da ita ne mutumin Yamai yake ganin ɗan'uwansa da ke Abijan, suna hira. Kamara tana karɓar haske, ta mai da shi lambobi. Amma kwamfuta ba ta gane lambobin sai da taimakon wata ƙaramar manhaja. Ana ce mata direba, da faransanci kuma «pilote». Direba shi ne tafinta tsakaninsu.

An fara aiki da irin wannan kamara a 1991, a jami'ar Kambirij ta Ingila. Masu bincike suka kafa ta gaban tukunyar kafe, don su san ko da saura kafin su taso. Da can, kowace kamara da nata direba a cikin faifai. A 2003 aka fitar da ƙa'ida ɗaya ta kamarorin da ake sokawa a kafar USB. Shi ya sa yawancinsu suke aiki da zarar an soka su.

In hoto ya ƙi fitowa, mai hankali ba ya gaggawar sayen sabuwa. Ga abin da yake yi bi da bi:

1. Ya duba ko marfi ya rufe idon.
2. Ya cire wayar, ya soka ta a wata kafa.
3. Ya rufe sauran manhajojin da suka riƙe kamarar.
4. Ya duba ko an ba ta izinin aiki.
5. Ya kashe kwamfuta, ya sake kunna ta.
6. In abin ya ƙi, ya sauke direban, ya ɗauko sabo daga kamfanin da ya ƙera kamarar.

Direban da ba a san asalinsa ba yana iya shigo wa kwamfuta da cuta.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin direba?
2. Don me aka kafa kamara gaban tukunyar kafe?
3. Daga ina ake ɗauko sabon direba?